Rijiya, Rumbu da Wutar Sama: Abin da Yaƙi Ya Ci a Hanyar Damargu

Wanda ya baro Damagaram ya nufi Agadas, bayan tafiyar kilomita kusan 150 zai iso Tanut, babban garin Damargu. Yamma da shi akwai Balbeji, wadda ta zama gunduma mai cin gashin kanta a 2011. Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya, inda gonar gero ke ƙarewa makiyaya ta fara, inda Hausawa da Barebari da Buzaye da Fulani ke haɗuwa a bakin rijiya ɗaya. Idan gidajen rediyo suna lissafa gadoji da asibitoci da tashoshin lantarki da bama-bamai suka rusa a manyan biranen duniya, mutumin Damargu yana iya ɗaukar maganar ta nesa ce. Tarihin ƙasarsa bai yarda da haka ba. A nan abin da rai ya dogara a kansa shi ne rijiya da rumbu da raƙumi da kasuwa da hanya, kuma duk yaƙin da ya ratsa wannan yanki tun 1899, su ya fara ci. Bam na farko da ɗan Adam ya jefo daga jirgin sama ma, a ƙarshen hanyar fataken da ta keta Damargu ya faɗa.

Rumbun Azbin

A Janairun 1851 matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, ya sauko daga Azbin tare da ayarin gishiri, ya yada zango a Tagelel cikin Damargu. Daga can shi da abokan tafiyarsa biyu suka fara rabuwa, kowa ya kama tasa hanya. Abin da ya gani shi ne abin da kowane madugu ya sani tun da daɗewa: Damargu ce ke ciyar da Azbin. Duwatsun arewa suna ba da dabino da ɗan kayan lambu, amma ba sa noma hatsin da zai riƙe mutanensu. Buzaye kan sayi gero a Damargu, su kai shi Fachi da Bilma, su yi musanyarsa da kantun gishiri da dabino, su juyo da su kasuwannin Damagaram da Katsina da Kano, su koma da tufafi da wani hatsin. Kan wannan hanya kuma manyan ayarin Tarabulus ke bi, ta Gat da Agadas, ɗauke da hajar Turai, su koma da fatu da gashin jimina da hauren giwa.

Duk wannan hada-hada a kan rijiyoyi take tsaye. Rijiyar Damargu tana da zurfi, mai gaba talatin ba abin mamaki ba ce. Ba a jan ruwanta da hannu. Ana ɗaura igiyar wasaki a jikin sa ko raƙumi ko jakuna, yaro ya kora su su yi nisa da bakin rijiya, har wasakin ya iso sama, magidanci ya tare shi ya juye a kwami, ya yi kira, yaron ya juyo da dabbar. Haka ake yi tun asuba har rana ta take, garke na bin garke, kowa da lokacinsa, mata na jira a gefe da tuluna. Haƙa irin wannan rijiya aikin watanni ne, na mutane da yawa, wani lokaci har da asarar rai. Amma kashe ta aikin yini ɗaya ne: a jefa mushe a ciki, ko a tura mata ƙasa, ko kawai a tsayar da mai bindiga a bakinta. Raƙumi zai jure kwanaki, saniya da akuya ba za su jure ba, jariri kuwa balle. Garin da aka raba da rijiyarsa ya tashi, ko ba a taɓa ko ɗaki ɗaya a cikinsa ba.

Rumbu ma haka yake. A ƙasar da damina ke yin kyau bana ta ƙi baɗi, manomi ba don shekara ɗaya yake tara damma ba. Abin da ke cikin rumbunsa shi ne abincin gidansa, da irin shukarsa, da sadakin ɗansa, da garkuwarsa ranar da fari ya zo. Wanda ya cinna wa rumbu wuta ya ƙone shekarun da suka wuce da waɗanda ke tafe.

Shekarar 1899

A ƙarshen Yulin 1899 wakilan manyan ƙasashe suka kammala taro a birnin Hague na ƙasar Holan. Cikin takardun da aka sa wa hannu har da wadda ta hana jefa abubuwa masu fashewa daga balan-balan ko wani abin da ke tashi sama, na tsawon shekara biyar. Yarjejeniyar tsakanin ƙasashen da suka sa hannu kawai take aiki. Mutanen da ake ci da yaƙi a Afirka ba sa cikin lissafi.

A cikin waɗannan kwanakin ne sojojin Faransa suka karya rundunar Damagaram a Tirmini, suka shiga birni, daga baya aka kashe Sarki Amadu Kuran Daga. Sojojin nan su ne ragowar rundunar Voulet da Chanoine, wadda ta taso daga yamma tana ƙona garuruwa, ta yi wa Birnin Ƙonni kisan da har yau ba a manta ba. Daga arewa kuma wata runduna ta taso daga Aljeriya ƙarƙashin Foureau da Lamy, da igwa biyu. Kafin su iso Azbin raƙumansu sun kusan ƙarewa, suka maƙale a Agadas wata da watanni. Da lallashi ya ƙi, sai Lamy ya sa sojojinsa suka tsare rijiyoyin garin, ba mai ɗiban ruwa sai an kawo dabbobin da ya nema. Aka kawo. Suka ratsa Damargu, suka shiga Damagaram ranar 2 ga Nuwamba 1899. Mutanen Agadas ba su yi yaƙi da Lamy ba, ƙishirwar ƴaƴansu ce ta biya masa buƙata, kuma wannan dabara ta daɗe tana aiki bayansa.

Damargu ba ta daɗe ba ita ma ta shiga hannu. A 1900 sojojin da ke Damagaram suka kashe Musa, shugaban Buzayen Imuzurag, a Tanamari. A 1901 aka auka wa wani babban ayari a rijiyar Farak, aka wawashe dukiyar fataken Tarabulus. Faransawa suka kafa bariki a Jajiduna. Samari da yawa suka ƙi zama ƙarƙashin Nasara suka yi gabas. Cikinsu akwai wani ɗan ƙabilar Ikazkazan, haifaffen Damargu wajejen 1880, mai suna Kausan.

Abin da ya faɗo a Tajura

A Oktoban 1911 Italiya ta kai wa Tarabulus yaƙi don ƙwace ta daga hannun Turkawa. Ranar 1 ga Nuwamba wani laftanan mai suna Giulio Gavotti ya tashi da ƙaramin jirginsa, da gurneti huɗu waɗanda kowanne bai wuce kilo biyu ba. Ya jefa su da hannu a kan Ain Zara da Tajura, wuraren dabino da rijiyoyi a gefen Tarabulus. Ɓarnar ba ta taka kara ta karya ba, amma ƙofar da ya buɗe ba ta sake rufuwa ba. Daga ranar ya zama mutum na iya kashe wanda bai ga fuskarsa ba, bai san namiji ne ko mace ba, bai kuma ji kukansa ba.

Mutanen Damargu ba su ga jirgin Gavotti ba, amma sun ji yaƙin a tukunyarsu. Tarabulus ita ce bakin hanyarsu ta arewa, yaƙi ya toshe ta. A shekarar nan kuma jirgin ƙasa ya iso Kano, hajar Turai ta koma bin teku da dogo. Masu raƙuma da masu masauki da dillalai da manoman da ke sayar wa ayari hatsi duk suka ga kasuwarsu ta mutu a tsaye. Sai fari ya biyo baya, aka shiga yunwar 1913 zuwa 1914, wadda Hausawa suka sa wa suna Kakalaba. Ba a gama binne mutanenta ba Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke. Hukumar mulkin mallaka ta tsananta haraji, ta dinga karɓe raƙuma da ƙarfi don ɗaukar kayan soja, da yawa ba su dawo ba. Ruwa ba ya tsami banza: tawayen da ya biyo baya a cikin wannan ƙunci ya tsiro.

Igwar Kausan

Kausan ya yi shekaru yana yawo tsakanin Kanem da Borku da Fezan, ya shiga ɗariƙar Sanusiyya, ya koyi yaƙin zamani. A ƙarshen 1914 aka kori Italiyawa daga Fezan, suka bar makamai da yawa. Daga cikinsu Kausan ya sami bindigogi da igwa. A Disambar 1916 ya iso Agadas, inda Sarkin Azbin Tagama ya riga ya shirya masa, suka yi wa barikin Faransa ƙawanya. Kusan kwana tamanin igwar tana harbin bariki, sojojin ciki suna mayar da wuta, mutanen gari suna tsakani. Ayarin gishirin da ke dawowa daga Bilma da rakiyar soja ya faɗa cikin rikicin kafin ya iso gari.

Labari ya girgiza Faransa da Ingila baki ɗaya. Turawan Ingila suka turo sojoji daga Kano da Sakkwato don su tsare kudancin Nijar. Faransawa suka tara babbar runduna a Damagaram ƙarƙashin Kanar Mourin, ta ratsa Damargu. Runduna irin wannan ba ta tafiya da iska: hatsinta da raƙumanta da ruwanta daga garuruwan da take bi suke fitowa. Ranar 3 ga Maris 1917 ta shiga Agadas, Kausan da Tagama suka janye cikin duwatsu.

Abin da ya biyo baya shi ne mafi muni. Waɗanda suka rage a gari su ne waɗanda ba su ga dalilin gudu ba: tsofaffi da malamai da ƴan kasuwa. An fito da malamai daga masallacin da suka fake aka kashe su. Waɗanda aka kashe a bainar jama'a a Agadas da Ingal sun haura ɗari. Sannan aka bi Azbin kwari-kwari, ana kwashe dabbobi, ana tayar da ƙauyuka, don kada masu tawaye su sami mai ba su abinci ko ruwa. Su ma mutanen Kausan, da yunwa ta ci su, suka dinga kai hari kan duk wanda ke da abin ɗauka. Talaka ya zama ba shi da tudun dafawa: in ya ba wannan, wancan ya hukunta shi, in ya hana, a ƙwace.

A 1918 Kausan ya bar Azbin. A Janairun 1919 aka rataye shi a yankin Murzuk. Tagama kuwa aka kama shi, aka kashe shi a kurkukun Agadas a Afrilun 1920. Amma ƙasar da suka bari ta zama kufai. Baturen Ingila Angus Buchanan, da ya bi ta Damargu zuwa Azbin a 1920, da Francis Rodd da ya je a 1922, duka sun ba da labarin garuruwan dutse da ba kowa a cikinsu, da lambunan da suka bushe. Mutanen sun gangaro kudu, wasu suka tsaya a Damargu, wasu suka wuce har ƙasar Katsina da Kano. Gidaje da dama na Buzayen da ke zaune a waɗannan wurare a yau, asalin zamansu daga wannan gudun hijira ne. Masanin tarihi André Salifou, ɗan Damagaram, ya bi wannan labari ya rubuta littafi a kansa a 1973, lokacin da akwai sauran waɗanda suka gani da idonsu.

Igwa ɗaya ce Kausan ya zo da ita, kuma ba ta rusa barikin ba. Abin da ya tayar da Azbin shi ne hukuncin da aka yanke wa jama'a baki ɗaya saboda laifin da aka ɗora wa wasu. A wannan tunani ne ruwan bama-bamai daga sama ya samu gindin zama a shekarun da suka biyo.

Doka ta zo a makare

Bayan 1918 jirgin sama ya zama sandar mulkin mallaka mai araha. A 1920 jiragen Ingila suka yi luguden wuta a kan Taleh ta Somaliya, cibiyar Sayyid Muhammad Abdullah Hassan. Aka yi haka a ƙauyukan Iraƙi. Faransa ta yi wa Dimashƙu ruwan wuta a 1925. Sipaniya ta zuba iska mai guba a duwatsun Rif na Maroko, Italiya ta zuba a Habasha a 1935 da 1936. Duniya ba ta tashi tsaye ba sai da abin ya koma gida: Guernica a Afrilun 1937, sannan Landan da Hambug da Dresden da Tokiyo, har zuwa Hiroshima a Agustan 1945.

Daga nan aka samu Yarjejeniyoyin Janiba na 1949, aka yi musu ƙari biyu a 1977. Ƙarin farko ya wajabta wa mayaƙa su bambance soja da farar hula, su tabbatar da abin da za su harba kafin su harba, su fasa harin da ɓarnarsa ga jama'a za ta zarce amfaninsa na soja. Sashe na 54 ya hana lalata abin da jama'a ba za su rayu ba sai da shi, ya kuma ambace su da suna: abinci, gonaki, amfanin gona, dabbobi, wuraren ruwan sha. Ƙari na biyu ya maimaita wannan hani a sashe na 14, don yaƙin cikin gida. Nijar ta amince da su a 1979, Najeriya a 1988.

Ga almajirin Damargu wannan ba sabon karatu ba ne. A cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik, wadda ake karantawa a zaurukan malamanmu, akwai wasiyyar da Halifa Abubakar, Allah ya ƙara masa yarda, ya yi wa kwamandan da ya tura Sham. Ya hana shi kashe mata da yara da tsofaffi, ya hana shi sare itace mai ƴaƴa da rusa wurin da mutane ke zaune, ya hana shi yanka tunkiya ko raƙumi sai don ci. Dokar tana nan, ta addini da ta duniya. Abin da ya yi ƙaranci shi ne mai tsayawa a kanta ranar da jini ya hau.

Bayan mulkin kai

Tafiyar Turawa ba ta tafi da wannan ɗabi'a ba. A yaƙin basasar Najeriya, daga 1967 zuwa 1970, jiragen gwamnatin tarayya sun sha jefa bam a kasuwanni da asibitoci a yankin Biyafara, kuma wannan gaskiya ce da ya kamata mu riƙa faɗa da bakinmu.

A Nijar, tawayen ƙungiyar MNJ da ya fara a Fabrairun 2007 ya sake tayar da Azbin. Garin Iferwan ya watse. Aka binne nakiyoyi a hanyoyi, suka tashi da motocin fasinja da na kaya, har a Maraɗi da Tawa da Yamai. Ƙungiyar Human Rights Watch ta zargi ɓangarorin biyu, sojoji da kashe farar hula, ƴan tawaye da dasa nakiyoyi. Ranar 21 ga Janairu 2008 yaƙin ya shigo Tanut kanta: ƴan tawaye suka kai hari, aka kashe mutum bakwai, suka tafi da wasu har da kantoman gunduma. Kafin a sasanta a 2009, hanyar arewa ta zama abin tsoro, kuma kamar a 1917, mai gero a Damargu da mai jiran geron a Azbin su suka fi kowa jin jiki.

Sai 2011. Jiragen ƙawancen NATO suka fara luguden wuta a Libiya a watan Maris, suka tsaya ranar 31 ga Oktoba, saura kwana ɗaya a cika shekara ɗari da jifar Gavotti. Human Rights Watch ta ƙirga aƙalla farar hula 72 da hare-haren suka kashe, 34 daga cikinsu a ƙauyen Majer a dare ɗaya. An kuma bugi masana'antar bututun ruwa ta Brega, wadda ke yi wa babban aikin ruwan ƙasar hidima. Libiya ita ce wurin cin rani na samarin Damargu. Dubun-dubatar ƴan Nijar suka dawo hannu rabbana, a shekarar da damina ta yi gardama, gidajen da ke jiran aike suka koma ciyar da mai aiken. Rumbunan makaman Gaddafi suka fashe, bindigogi suka malalo kudu, ga shi har yau muna girbar abin da aka shuka. Ranar 2 ga Yuli 2019 wani jirgi ya jefa bam a kan gidan da ake tsare baƙin haure a Tajura, garin nan dai na 1911, ya kashe mutum 53, akasarinsu ƴan Afirka masu neman abinci.

An ce kuskure ne

A shekarun nan wutar sama ta matso kusa. Ranar 17 ga Fabrairu 2015 wani jirgi ya jefa bam a kan masu zaman makoki kusa da masallaci a Abadam, a jihar Diffa, mutum 36 suka rasu. Nijar ta yi makokin kwana uku, Najeriya ta ce ba jirginta ba ne. Ranar 17 ga Janairu 2017 jirgin sojan Najeriya ya bugi sansanin ƴan gudun hijira a Rann ta jihar Borno ana cikin rabon agaji. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta ce aƙalla mutum 90 suka mutu, har da ma'aikatan agaji. Binciken soja ya ce ba a sa alamar sansanin a taswirarsu ba.

Ranar Juma'a 18 ga Fabrairu 2022 abin ya faɗo a Nachade, wani ƙauye a gundumar Madarumfa ta jihar Maraɗi, ƴan kilomitoci daga iyaka. Gwamnan Maraɗi na lokacin, Chaibou Aboubacar, ya ce jirgin Najeriya ne da ke farautar ƴan bindiga, ya kashe yara bakwai ya raunata biyar. Iyayen suna wurin wani taro, yaran suna wasa. Huɗu suka cika nan take, uku a hanyar asibiti. Ranar 3 ga Disamba 2023 kuma jirgi maras matuƙi na sojan ƙasa na Najeriya ya harbi taron Mauludi a Tudun Biri, ƙaramar hukumar Igabi ta jihar Kaduna. Hukumar agajin gaggawa ta ce an binne mutum 85. A wannan karon soja sun amsa laifi, babban hafsansu na lokacin, Taoreed Lagbaja, ya je garin ya nemi gafara. A Janairun 2024 hukumomin Nijar su ma suka amsa cewa harin jiragensu a Tiawa, jihar Tilaberi, ya rutsa da farar hula.

Ba wanda ke musun masifar da ta sa jiragen nan suka tashi. Boko Haram da ƴan bindigar daji suna kashe mutane, suna ƙona rumbuna, suna kore garkuna, suna sa wa ƙauyuka haraji, kuma sojojin da ke fafatawa da su ƴaƴanmu ne, suna mutuwa. Amma a dubi wuraren da bam ɗin ke faɗawa: makoki, rabon abinci, wurin wasan yara, Mauludi. Rayuwar karkara rayuwar taro ce. Ranar kasuwa babura ɗari na iya haɗuwa a fili ɗaya. Da rani garkuna da mutane masu rawani suna cika bakin rijiya tun kafin gari ya waye. Makiyayi da sandarsa a kafaɗa, daga sama, cikin duhu, ba ya bambanta da mai bindiga. Wanda ke kallon allo a ɗaki mai nisa, bai san ranar kasuwar garin ba, bai san an yi rasuwa jiya ba, duk taro a idonsa abin zargi ne. Kuskuren da ke maimaita kansa a kan mutane iri ɗaya, a wurare iri ɗaya, ya nuna akwai gyaran da ba a yi ba.

Abin da ke gaban Damargu

Damargu ta yau tana ɗauke da abin da ba ta da shi a zamanin Kausan. Matatar man SORAZ, wadda aka buɗe ranar 28 ga Nuwamba 2011, mai tace ganga 20,000 a rana, tana cikin gundumar Tanut. Bututun da ke kai ɗanyen man Agadem gaɓar tekun Benin, mai tsawon kusan kilomita 2,000, ya ratsa jihar Damagaram, kuma a Yunin 2024 wata ƙungiyar tawaye ta fasa shi a gundumar Tesker da ke maƙwabtaka. Tun 2022 Nijar ta mallaki jirage marasa matuƙa ƙirar Turkiyya. Inda dukiya irin wannan take, masu hari za su zo, masu tsaro za su zo, kuma a tsakaninsu akwai ƙauyuka da rugage da mashayar dabbobi. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Ruwan da za a shafa sananne ne. A zauna da sarakuna da masu gari da arɗo-arɗo da shugabannin Buzaye, a sa kowace rijiya da kasuwa da ranar cinta da makaranta da ɗakin shan magani da burtali a taswirar da matuƙa ke aiki da ita, a kuma riƙa sabunta ta, don makiyayi ba ya zama wuri ɗaya. Kada a harba a kan taro sai an sami tabbaci daga mutanen ƙasa. In an yi ɓarna, a ƙirga mamata, a rubuta sunayensu, a buga sakamakon bincike kowa ya gani, a biya diyya, a yi jinyar masu rauni har su warke, a sake haƙa rijiyar, a mayar da dabbobin. Wanda ya yi sakaci ya fuskanci shari'a, komai girman muƙaminsa. Wannan ba raunana soja ba ne, domin garin da aka kashe wa yara ba ya sake kai wa hukuma labarin ɓarayi, kuma yaƙin daji ba a cinsa sai da labarin mutanen gari.

Akwai kuma aikin da ya rataya a wuyanmu mu masu karatu da rubutu. Sunayen hafsoshin da suka ratsa Damargu a 1899 da 1917 suna nan a littattafai, da ranakun tafiyarsu da adadin raƙuman da suka rasa. Matan da suka mutu a hanyar gudu daga Azbin, da manoman da aka kwashe wa rumbu, a bakin jikokinsu kawai suka rage. Malaman Jami'ar Damagaram da ɗalibansu, da gidajen rediyon karkara na Tanut da Balbeji, su ne suka fi kowa kusa da waɗannan tsofaffi, ya kamata su ɗauki maganarsu tun suna raye. Haka kuma a yi wa Abadam da Nachade tun yanzu. Hukuma tana taka-tsantsan da ran da ta san za a tambaye ta a kansa, kuma tambayar ba ta yiwuwa sai an san wane ne ya mutu, a ina, kuma wa ya ba da umarni.